Muryar Mai Walda a Kwamfutar Jikata

Zuwa ga jikata, amaryata ta boko,

Ina rubuta miki wannan takarda a watan da babban bututu ya fashe, shekara arba'in da biyu ke nan, lokacin da garin nan ya yi kwana goma sha ɗaya babu ɗigon ruwa a famfo. Uwarki ma a lokacin rarrafe take yi. Gaisuwa mai yawa. Ina lafiya, sai gwiwar hagu da ke ciwo idan na daɗe a zaune. Kunne kuma yana nan yadda injunan gidan ruwa suka bar mini shi, saboda haka ki daina bugo wa maƙwabciyata Mai Ɗinki waya wai ta kawo mini. Sai ta tsaya tana riƙe da wayar a kunnena, ni ba na jin komai sai kamar ƙuda a kwalba, ita kuma ɗinkinta na jira. Takarda ta fi mini. Ita nakan karanta sau uku, da ɗan karatun da akawun gidan ruwa ya koya mini a bayan takardun aiki.

To, kwamfutar da kika bar mini ta ci amanata. Na yi yadda kika nuna. Na danna jan da'ira, na yi magana, na danna baƙin murabba'i. Ranar Litinin na yi kusan awa biyu ina ba ta labarin injunan farko da mutanen da suka kafa su, ina ganin zanen muryata yana hawa yana sauka a fuskarta. Da yamma na kashe ta: na danne maɓallin har fuskar ta yi baƙi fankar ta yi shiru, na cire waya daga bango, na naɗe ta a tawul. Da safe na kunna, babu komai. Sau uku ke nan ina yi wa bango magana.

Kada ki ce mini laifin kashewar ne. Shekara talatin da ɗaya ina kula da inji, ban taɓa barin inji a kunne na je na kwanta ba sai da dalili. Wani manaja ya taɓa barin ƙaramin inji ya kwana yana aiki, da safe muka tarar da shi ya ƙone ƙurmus. Ana kashe inji, a goge shi, a rufe shi.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne Mai Walda. Kin san ni da shi kaɗai muka rage cikin waɗanda suka ga aikin bututun nan. Ya yarda zai zo ya yi magana saboda aikinki na kammala karatu, amma ƙirjinsa ba daɗi, ba mutum ne da za a ce wa ya maimaita ba. Ki gaya mini abin da ke damun akwatinki kafin in ɗauko shi.

Kakanki.

*

Zuwa ga Kaka, angona mai taurin kai,

Na samu takardarka, na yi murna da jin kana lafiya. Ni ma lafiya lau, sai jarrabawa da ta sa mu gaba. Ka riƙa shafa wa gwiwar man da na bar maka, ba ajiya na ce ka yi da shi ba.

Kaka, ba amanarka ta ci ba, kai ne kake shaƙe ta. Danne maɓallin nan da kake yi kamar a toshe wa mutum baki ne yana tsakiyar magana. Abin da ka faɗa tana riƙe da shi ne a hannu, ba ta kai ga sa shi a aljihu ba. Sawa a aljihun shi ake cewa adanawa. Na nuna maka ranar da zan tafi, kana ta gyaɗa mini kai, ashe ba ka ji ko kalma ɗaya ba. Laifina ne, na san halinka da gyaɗa kai.

Ga abin da za ka yi kafin in zana maka yadda ake adanawa. In ka gama magana ka danna baƙin murabba'i, sai ka rufe murfin kawai, ka bar cajar a jikinta. Za ka ga 'yar fitila a gefe tana ƙiftawa a hankali. Barci take yi, ba aiki ba. Ba ta zafi, ba ta shan wuta sai ɗan kaɗan, ba za ta ƙone kamar injin manajanku ba. Muddin fitilar nan tana ƙiftawa, abin da ke cikinta yana nan. Kada ka kashe ta.

Zanen zai zo a takarda ta gaba, yanzu direban da zai kawo wannan yana ta yi mini hon a bakin ƙofa. Ka gaida Baba Mai Walda, ka ce Allah ya ba shi lafiya. Ka kuma gaida Mai Ɗinki da haƙuri da kai.

Amaryarka.

*

Zuwa ga jikata,

Bayan gaisuwa, takardarki ta zo. Ina lafiya. Man kuma na fara shafawa, ba don kin ce ba.

Ban jira zanenki ba. Ranar Laraba na je duba Mai Walda, na ga yadda yake jan numfashi, sai na ce masa gobe. Ranar Alhamis da hantsi matarsa ta kawo shi a tasi, muka zaunar da shi a kujerar nan mai hannu, na sa masa matashi biyu a baya. Ya dubi kwamfutar ya ce, "Wannan faranti ne zai riƙe maganata?" Na ce masa ai ya fi ƙwaƙwalwarsa riƙo. Ya ce, "Ta dai fi kunnenka." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Ya yi magana har azahar. Na zauna dab da shi ina kallon bakinsa, da haka nake tsintar rabin abin da ake faɗa. Ya ba da labarin yadda aka haƙa ramin, yadda ruwa ke dawowa cikinsa ana tsaka da aiki, da yadda ya yi walda yana tsaye a laka har ƙugu.

Sai muka zo kan ƙirge. Na ce mutum bakwai ne suka yi aikin ramin: shi, masu haƙa uku, Dogo da ƙanensa, da mai ɗaurin kusoshi. Ni ina sama wajen injin da ke tsotse ruwa, ina kallon kawunansu kwana uku, yaya za a yi in ɓata ƙirge? Ya ɗaga mini yatsu takwas. Na ɗaga masa bakwai. Ya ce, "Takwas, kurma." Wannan na ji ta sarai. Sai ya juya ya fuskanci kwamfutar, ya ba ni ƙeya, ya faɗa mata wani abu mai ɗan tsawo. Ban ga bakinsa ba, saboda haka ban ji ba. Matarsa kuma ta shiga wajen Mai Ɗinki a lokacin. Da ya juyo na gyaɗa kai. Kin san dai.

Shekara arba'in da biyu ana zuwa wurina a tambayi wane ne ya yi kaza a gidan ruwa, a wace shekara, wa ya gaje shi. Ban taɓa cewa ban sani ba. Yanzu ga mutum guda ya ɓace mini, kuma kunya ta hana ni tambaya. Na ce bari idan ya ɗan samu sauƙi in zagaya masa ta wata hanya.

Na danna baƙin murabba'in, na rufe murfin kamar yadda kika ce. Fitilar tana ƙiftawa. Ban yarda da ita ba, amma ban taɓa ta ba. Na ɗora kwamfutar a kan tebur nesa da labule, na ajiye bokitin yashi a ƙarƙashi ko da za ta kama da wuta. Ki aiko zanen da wuri.

Kakanki.

*

Zuwa ga jikata,

Ina gaishe ki. Ban san ko kina lafiya ba, tunda kwana goma sha shida ke nan ban ga takardarki ba. Kullum sai na je tasha, direban nan ya fara ɓoye mini fuska. Ni jikina lafiya.

Mai Walda ya rasu ranar Lahadi, kwana uku bayan zuwansa nan. An yi jana'izarsa da la'asar. Allah ya jiƙansa. Ban samu na zagaya masa ta wata hanyar ba.

Yanzu muryarsa tana cikin abin nan, a hannu ba a aljihu ba, in ji ke. Na sake karanta takardarki har ta fara yagewa a wurin ninki. Kin rubuta cewa muddin fitilar tana ƙiftawa yana nan. To na gane sauran da ba ki rubuta ba.

Unguwarmu kuwa sai a wannan makon ta ga damar rasa wuta. Ranar Talata aka ɗauke tun safe, da azahar na ga fitilar ta sauya launi ta koma kamar na lemo. Na naɗe kwamfutar a tawul, na rungume ta na kai shagon Mai Ɗinki, tunda tana da janareta. Ta cire abin gugarta ta jona mini. Tun ran nan, duk sanda aka ɗauke wuta can nake yini, a kan benci tsakanin 'yan kawo ɗinki, da akwati a cinya. Wata ta tambaye ni ko jariri ne. Na ce mata ya girme ta.

Sau ɗaya na buɗe murfin in duba ko zanen muryar yana nan. Yana nan. Amma wani ɗan akwati ya fito a kansa da rubutun da ba na iya karantawa. Mai Ɗinki ta ce wai tana neman izini ta kashe kanta ta sake tashi, don ta gyara cikinta. Ta nuna mini wurin da ake ce mata sai an jima, na danna. Ban ƙara buɗewa ba. Yaya inji zai nemi kashe kansa? Ba ki gaya mini wannan ba.

Mai Ɗinki ta matsa mini na kai ta wurin mai gyaran kwamfuta a bakin kasuwa. Na yi masa bayani tun daga farko. Bai bari na gama ba, yana cin gyaɗa yana cewa ƙaramin abu ne, sai na ga yatsansa ya nufi maɓallin. Na fizge kayana. Ya ce, "Baba, ai dubawa zan yi." Na ce ya duba ta ubansa. Na san irinsu, mun yi su a gidan ruwa, ba su san abin da ke damun inji ba sai su kashe su kunna su ga ko Allah zai taimaka.

Mai Ɗinki ta ce mini kin bugo sau biyu ba ta kusa, kuma ko ta same ki ita ba za ta taɓa kwamfutar ba, ni ma ba zan bari ba. Abin da za a faɗa a waya a kuskure, ba ni da na biyunsa. Ki zana. Ki yi manyan kibiyoyi. Ba na iya zama wuri ɗaya, ko shayi na haɗa sai ya huce ina leƙen fitila.

Kakanki.

*

Zuwa ga Kaka,

Takardunka biyu sun zo mini rana ɗaya. Direban ya bar su a shagon da ke bakin makaranta, ni kuma ina ɗakin jarrabawa ba na leƙawa. Lafiyata ƙalau, sai kuka da na sha. Allah ya jiƙan Baba Mai Walda, ya ba ka haƙuri. Ka isar mini da ta'aziyya wurin Inna, matarsa.

Ka yafe mini. Maganar fitilar nan don in kwantar maka da hankali na rubuta ta, na ɗauka kwana uku ne ko huɗu. Ban san na ɗaure ka da ita a shagon mutane ba. Kuma da na ce kada ka kashe ta, ba har abada nake nufi ba.

Ga zanen a bayan takardar nan, kibiya huɗu, na sa musu lamba. Ka jona caja tukuna. Ka buɗe murfi. In ɗan akwatin ya fito, ka ce mata sai an jima kamar yadda ka yi, ka yi daidai. Sai ka bi kibiya ta ɗaya, ta biyu, ta uku. A ta uku za ta nemi suna, ka rubuta duk abin da ka ga dama. A ta huɗu za ka ga wani layi ya cika ya ɓace. In sunan da ka rubuta ya fito a can sama, an gama, ya shiga aljihu. Daga nan ko wuta ta yi wata ba ta zo ba, yana nan. Kibiya mai kusurwa uku da na zana dabam, ita ake dannawa a saurara.

Sannan abin da ba za ka so ji ba, ko kuma za ka so. Bayan ka adana, ka kashe ta. A nan kai ne da gaskiya: barci na kwana ɗaya ne ko biyu, amma wadda ta yi mako uku a haka tana bukatar a kashe ta ta huta, shi ya sa take ta roƙonka. Sai dai ba da shaƙewa ba. Na zana maka hanyar a ƙasa.

Na san ba ka yarda da abin da ba ka kwance ka ga cikinsa ba. Wannan karon ka yarda da ni. Kai za ka yi da hannunka, ba na so kowa ya yi maka.

Jikarka.

*

Zuwa ga jikata, amaryata,

Gaisuwa. Ina lafiya, na kuma ci abinci sosai yau. Takardarki ta zo jiya da yamma, ban taɓa komai ba sai da gari ya waye, don ba na aikin inji da hasken fitila in ina da zaɓi.

Na wanke hannu, na sa tabarau, na shimfiɗa zanenki na danne gefensa da kofi. Kibiyarki ta biyu ta karkace, ba ta nuna inda ya kamata ba, na yi kusan rabin awa ina dubawa kafin in gane wanda kike nufi. A makarantar taku ba a koya muku jan layi? A ta uku na rubuta walda, harafi ɗaya ɗaya, ina neman kowanne kamar allura. Layin ya cika ya ɓace. Sunan ya fito a sama. Na zauna ina kallonsa.

Da hantsi na naɗe kwamfutar na tafi gidan Mai Walda, don ni ko na danna ba ji zan yi ba. Matarsa ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, 'ya'yansa mata biyu suka zauna. Na danna kibiyar saurare. Na gane ya fara magana ne da na ga matarsa ta kama bakinta. Ba wanda ya tashi har aka kai wurin ƙirge. Na gane wurin da zanen, don muryata ta fi tasa tsayi, ashe ihu nake yi. Na ce mata, "Nan ne. Ki ji mini wanda ya ce."

Ta saurara. Sai na ga tana dariya hawaye na zuba. Ta matso kunnena na dama ta ɗaga murya.

"Ya ce na takwas ga shi nan zaune, zai gyaɗa kai kamar ya ji."

Na ce wa?

"Kai mana. Ya ce kwana uku injinka bai mutu ba, kana zuba masa mai yana tafiya, kana ɗaure shi da tsumma. Da ya tsaya minti goma da ruwa ya rufe su duka. Ya ce kai ba ka ƙirga kanka don ƙafarka ba ta taɓa laka ba."

Babbar 'yarsa ta ce akwai saura. Wai ya ce kada a gaya mini sai ba ya nan, don zan yi masa gardama.

Ja'irin tsoho. Da gangan ya juya mini ƙeya. Kuma bakwai ne, wanda bai shiga rami ba bai shiga ba. Amma ke ki rubuta yadda ya faɗa, tunda maganarsa ce, ki sa tawa a ƙasa da ƙananan baƙaƙe.

Da zan tashi na gaya musu kin ce a kashe ta. Matarsa ta ɗora hannu a kan murfin ta ce, "In ka kashe, zai dawo?" Na ce zai dawo. Bakinki na ara, don ni ban gani ba tukuna. Ta dube ni ta ce to a yi a gabanta.

Saboda haka yau ma barci za ta yi, na rufe murfin na jona caja. Direba zai tashi da takardar nan kafin in fita, ba za ki ji yadda ta kaya a cikinta ba. Gobe da safe, in Allah ya kai mu, zan koma gidan da zanenki a aljihu. Zan kashe ta ta hanyar da kika nuna, in jira fitilar ta mutu, mu sha shayi ni da matarsa har mu ga ƙarshen kofi. Sannan in kunna.

Kakanki.